Abarbar Ɗaki ta Maman Yara

Litinin, 3 ga Maris

Maman yara ta tafi gidan 'yarmu Auta da safe. Auta ta haihu, namiji, mijinta kuma ba mazauni ba ne, ana bukatar hannu. Na raka ta tasha kafin in buɗe shagon aski. Ta ce sati biyu ko uku. Akwatin da ta ɗauka dai bai yi mini kama da na sati uku ba. Na dai sake ɗaure mata igiyar jakar, don ɗaurin da ta yi ko bakin titi ba zai kai ba.

Ba ta bar mini sallahu a kan abinci ba, ba ta bar a kan makulli ba. Duk sallahunta a kan shukar falo ne, wadda ke kan ƙaramin tebur kusa da taga. Dogayen ganye gare ta masu tauri kamar bel, sun kewaya sun yi ƙoƙo a tsakiya, daga cikin ƙoƙon kuma wani jan kai ya fito. Auta ce ta kawo mata bara. A takardar da ke jikin tukunyar an rubuta buromiliya, wai dangin abarba ce, shi ya sa Maman yara ke kiranta abarbar ɗaki. Na taɓa tambaya mene ne amfanin abarbar da ba a sha, ba a ba ni amsa ba.

A cikin ƙoƙon ake zuba ruwa, ba a ƙasa ba. Kuma ruwan sama, na jarkar da ke bayan ƙofar kicin, don na famfo yana bar mata farin gishiri a ganye. Duk sati a karkata tukunyar a zubar da tsohon ruwa saboda sauro. Ta yi ta maimaitawa har bakin mota. Na ce na ji.

Alhamis, 6 ga Maris

Na zuba mata ruwa a ka. Kamar wanke kan kwastoma ne, sai dai ita ba ta da surutu.

Lahadi, 9 ga Maris

Ta kira ta bidiyo. Muna gama gaisawa ta tambayi abarbar ɗaki, na juya mata wayar ta gani. Sannan ta nuna mini jaririn. Gashi gare shi sosai, ƙeyar ma ta zauna daidai, zai yi daɗin aski. Na ce ta ɗan sauke wayar, goshinta kawai nake gani da silin. Ta ce to. Ta sauke, sai kuma ta ce bari ta miƙa yaron wurin uwarsa.

Lahadi, 16 ga Maris

Bakin wasu ganyayen ya fara bushewa. Idona ya kasa wucewa. Na zo da ƙaramin almakashin gashin baki daga shago, na goge shi da sifirit, na bi ganyen ɗaya bayan ɗaya ina datse busasshen a karkace, hagu da dama, yadda tsinin zai dawo kamar haka aka halicce shi. Sai mutum ya matso sosai zai gane an taɓa.

Na tura mata hoto. Ta ce, "Wannan kam ka iya. Haka ake yi." Ba kasafai take yaba aikina ba, ni ma ba kasafai nake nema ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Sati ukun ya wuce. Wai Auta ba ta gama murmurewa ba. To.

Tunda ni kaɗai ne, na gyara kicin. Kofuna bisa tsawonsu, cokula kowane da 'yan'uwansa, gishiri da sukari na raba musu kanta, don gwangwaninsu iri ɗaya ne, shekara da shekaru ina faɗa. Na gaya mata a waya. Ta ce, "Ka samu yadda kake so ke nan." Na ce yanzu ko da ido rufe mutum zai ɗauki abu. Ta ce madalla.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Jan kan ya koɗe. Tun makon jiya ya fara dusashewa, yau ya koma kamar bakin tsohuwar tsintsiya. Na zaci wani abu na yi ba daidai ba, har na duba jarkar ko ruwan ne ya lalace. Maman yara ta ce lokacinsa ne ya yi. In sa almakashi can ciki iya inda ya kai, in yanke sandar furen, kada in huda ƙoƙon. Yanka ɗaya na yi. Yanzu shukar ta zama mai sanƙo, amma tsaf.

Kafin ta ajiye waya ta ce, "Baban yara, daga yau duk abin da ka gani a jikinta, ka faɗa mini kafin ka taɓa." Na ce to. Mutum ya tsufa da almakashi a hannu, ana koya masa yanka.

Talata, 15 ga Afrilu

Dogo, mai kujera ta biyu a shago, bakinsa ba ya hutawa. Yana yi wa wani saisaye yana kallona ta madubi, wai, "Yaya, sati ukun Anti irin na tela ne?" Kwastomomi suka yi dariya. Na ce masa ya duba bayan kunnen mutumin, ya bar tsiri. Da gaske kuma ya bari.

Da yamma Auta ta kira. Ta ce Mama ta yi ƙiba, tana ta waƙa a kicin, har maƙwabta sun san muryarta. Ban san ta koma waƙa ba. A nan ma takan yi da, sai dai tana haɗa baitin wata waƙar da na wata, nakan gyara mata. Daga baya ta daina, ban san dalili ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ranar sauya ruwa. Da na karkata tukunyar sai na ga wasu tsiro guda uku sun ɓullo daga gindi, ta tsakanin ganyen ƙasa. Kowane ya kai tsawon ɗan yatsa, kowane ya nufi inda ya ga dama. Ɗaya ma ya ture wani babban ganye gefe, duk da'irar ta karkace. Kamar gashin wuya ne bayan an gama aski mai kyau. Na tuna ta ce in faɗa mata, amma ba a kiran mutum a waya a kan gashin wuya. Kuma irin waɗannan su ke shanye wa shuka ƙarfi, kowa ya san haka.

Almakashi bai shiga ba, wurin ya matse. Na sa sabuwar reza, na kwantar da ita a jikin gindin, na shafe su ƙal. Tauri gare su fiye da yadda na zata. Na zuba su a kwandon shara, na fitar da kwandon bakin ƙofa, na goge teburin. Da'ira ta dawo daidai. Na tura mata hoto, ban ga ta buɗe ba tukuna.

Litinin, 28 ga Afrilu

Ta kira ina shirin fita shago. Ko gaisuwar kirki babu.

"Wannan farin tabon da ke gindinta fa?"

Na ce wasu tsiro ne suka fito, na share su.

"Guda nawa?"

"Uku."

Sai ta yi magana a hankali, kamar mai bayani ga baƙo. Wai ita wannan shukar sau ɗaya take fure a rayuwarta. In furen ya wuce, uwar mutuwa take yi, a hankali, ba abin da ke hana ta. Kafin ta ƙarasa sai ta fitar da 'ya'ya a gindi, su ake bari su girma a raba su, kowane da tukunyarsa. Su take jira tun ranar da aka kawo shukar gidan. Ɗaya na Auta, ɗaya na ƙanwar Maman yara, ɗaya nata ita kanta.

Na ce ai ba ta faɗa mini ba. Ta ce ta faɗa mini in tambaya. Na ce sun ɓata tsarin ne. "Na sani," in ji ta. "Komai ɓata maka tsari yake yi." Ba ta ɗaga murya ba, gara ma ta ɗaga. Daga nan ta ce tana ganin za ta ci gaba da zama wurin Auta. Na ce har yaushe. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba ta tabbata akwai abin da za ta dawo ta yi ba, tunda gidan ya gyaru.

Na fita bakin ƙofa. Masu kwasar shara sun riga sun wuce, kwandon a kife. Kunya ta kama ni, ni kaɗai a tsaye da silifas. Na makara a shago, Dogo ne ya buɗe.

Alhamis, 1 ga Mayu

Ba ta kira ba.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na sauya ruwan. Ba wanda ya tambaya.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ni na kira. Auta ce ta ɗauka, wai Mama na yi wa yaro wanka. Wankan bai ƙare ba har muka gama magana.

Auta ta ce, "Baba, kada ka ji haushina, amma ka san ba maganar shuka ce kaɗai ba." Na ce ni ban san wata magana ba. Ban taɓa zagin uwarta ba, ban taɓa barinta da yunwa ba, a tambayi kowa. Ta ce haka ne, ita ma Mama haka take cewa. "Amma Baba, in ta ajiye kofi sai ka matsar da shi." Na ce kofin da aka ajiye a bakin tebur faɗuwa yake yi. Ta ce, "To, Baba," irin yadda uwarta ke faɗa. Ban san yaushe ta koya ba.

Talata, 20 ga Mayu

Na bi ta wurin mai sayar da shuke-shuken fulawa na kusa da shataletale. Yana da irinta jere, da jajayen kawunansu, har da mai rawaya. Na tsaya ina kallo. In na ɗauko sabuwa na dasa a tukunyar, daga hoto ɗaya za ta gane, kuma ba abin da ta nema ba ke nan. Na ba shi labari a taƙaice, na ce wani abokina ne ya yi. Ya ce abokin nawa ya yi sauri. Wai in uwar na da sauran kore a jiki takan sake fitar da wani, takan kuma ƙi. A ci gaba da zuba mata ruwa, kada a yanke ko ganye ɗaya mai sauran rai, don daga nan take ɗibar abin da za ta ba ɗan. Na ce ko da ya yi muni? Ya ce ai muni kam za ta yi.

Asabar, 31 ga Mayu

Wani tsohon direban bas, daɗaɗɗen kwastomana, ya zo aski. Kullum kafin ya zauna sai ya ce kada in taɓa masa gashin baki, ni kuma kullum sai na ɗan daidaita gefen hagu, don ya fi na dama sauka. Yau ma na yi. Ya dubi madubi ya ce, "Malam, ni da kai wa zai riga gajiya?" Ya saba faɗar haka, Dogo ya saba dariya. Yau dai maganar ta biyo ni har gida.

Lahadi, 8 ga Yuni

Ta fara munin da aka ce. Ganyen ƙasa sun yi rawaya daga baki, wasu sun sunkuya kan tebur. Hannuna ƙaiƙayi yake yi. In na zauna shan shayi sai in juya kujera in ba ta baya.

Jarkar ta kusa ƙarewa. Da hadari ya haɗu na fitar da baho tsakar gida, na tace ruwan da tsohon kallabinta. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ga ina ɗura ruwan sama a jarka da mazurari, ta tambaya ko famfonmu ya lalace. Na ce eh.

Alhamis, 19 ga Yuni

Dogo ya biyo karɓar makullin shago. Ya ga shukar ya ce, "Yaya, wannan ai ta riga mu gidan gaskiya, a fitar da ita." Na ce ba tawa ba ce. Ya zagaya falon da ido, ya ce gidan kamar ɗakin jira na asibiti. Bai zauna ba.

Lahadi, 22 ga Yuni

A tsaye na ci burodi da ƙwai, don kada in ɓata tebur. Na wanke farantin na mayar wurinsa. Babu abin da ke inda bai kamata ba a gidan nan, ko tsinke. Ba na jin daɗinsa. Kewarta nake yi, bari in faɗa tunda ba mai karanta wannan sai ni.

Muna gaisawa jefi-jefi, ta wayar Auta. Lafiya, lafiya lau, ya yaron, ya shago. Ba ta tambayar abarbar ɗaki, ni ma ba na kawo zancen.

Lahadi, 6 ga Yuli

Na karkata tukunyar zan zubar da ruwa, sai wani abu ya soki yatsana ta baya, ɓangaren bango. Na ɗaga wani ruɓaɓɓen ganye. Tsiro ne, guda ɗaya, kore shar, bai kai kan ɗan yatsa ba. A kwance ya fito, ya tokari bakin tukunya, ya lanƙwashe yana neman hanya. Ko cikin ukun farko babu mai karkacewarsa.

Akwai reza a aljihun rigata, kullum akwai. Na ciro ta na sa a jakar kayan aiki, na zuge, na kai jakar bakin ƙofa. Na mayar da ganyen yadda na same shi.

Ban gaya mata ba. In ya mutu a satin nan, sau biyu ke nan.

Laraba, 9 ga Yuli

Yana nan.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ya buɗe ganye, har ya fara nasa ɗan ƙoƙon. Na ɗiga masa ruwa da ƙaramin cokali. Na ɗauki hoto yadda abin yake, da ruɓaɓɓun ganyen uwar da komai, ban share ko teburin ba. Na tura wa wayarta kai tsaye, ban rubuta komai a ƙasa ba. Ta buɗe. Ba amsa.

Talata, 15 ga Yuli

Ta kira da tsakar rana ina kan aski. Na bar mutum da rabin kai, na ce Dogo ya ƙarasa, na fita baranda.

"Ka taɓa shi?"

"A'a."

"A karkace yake."

"Na gani."

"Bai dame ka ba?"

Na ce yana damuna ƙwarai, kullum da safe. Sai ta yi dariya. Ba doguwa ba, amma dariya ce, rabona da jinta tun kafin Auta ta haihu.

Ta ce a bar shi a jikin uwar ya sha iya shansa, sai ya kai kamar rabin tsawonta, gindinsa ya yi ƙwari. Sannan a ciro duka daga tukunya, a sa wuƙa mai kaifi a raba shi da ɗan saiwarsa, a bar yankan ya sha iska, a dasa shi a ƙaramar tukunya da ɓawon itace, ba ƙasa mai riƙe ruwa ba. Na ce kaifi kam akwai shi a gidan. Ta ce, "Ba da hannunka ba, Baban yara." Na ce to da hannun wa? Ta ce ita za ta zo ta raba da kanta.

"Yaushe?"

"In ya kai."

Ba ta ce za ta zauna ba in ta zo, ni kuma ban tambaya ba. A bayanta ina jin yaron yana ta gwaranci. Ta ce in gaishe da Dogo. Da na koma ciki Dogo ya bar wa mutumin tsiri a ƙeya, na gani sarai, na ɗauki tsintsiya na hau share gashi.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na sauya ruwan, na uwar da na ɗan. Uwar saura ganye kaɗan masu rai. Shi kuma ya ɗan ƙaru, ko idona ne. Da sauransa sosai kafin rabi.

Jiya na sake bi ta wurin mai fulawa, hanya ce kawai. Na tambaye shi, a madadin abokina, ko akwai abin da ke sa irin wannan saurin girma. Ya ce taki ba ya yi mata wani abin kirki, in ya yi yawa ma ƙona ta yake. Haske dai, ba zafin rana ba, haske mai yawa. Sai kuma haƙuri. Ya ce in gaishe da abokin nawa, yana murmushi, ban ga abin murmushi ba.

Yau ban buɗe shago da wuri ba. Na cire labulen falo na jiƙa shi, na hau kujera na wanke gilashin tagar, ciki da waje, har saƙo-saƙon da hannu ba ya kaiwa. Reshen bishiyar da ke tare hasken safe ta waje ma na roƙi maƙwabciya ta bari in rage, tunda ta gefensu ya fito. Dama tagar ta yi datti.